Abin da Na Zuba wa Wanru a Filas

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Mutane da yawa suna ɗauka magani shi ne abin da aka ƙunso a takarda daga shagon Dattijo Pang, abinci kuma shi ne abin da aka dafa a gida. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma duk shekara sai na gyara wa ɗalibaina wannan kuskuren. A wurin mai jego, duk abin da ya wuce maƙogwaro magani ne, ko ya gyara ko ya ɓata. Na sa wannan a shafin farko don wata rana Wanru ta karanta.

Wanru matar ɗana ce, amma kafin nan ɗalibata ce. Shekara uku tana zaune a layin gaba, ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Mahaifiyarta ta rasu tana aji ɗaya, ni nake ɗaure mata gashi ranar jarrabawa. Ranar da Jinsong ya kawo ta ya ce ita zai aura, sai da na shige kicin na yi kukan daɗi. Ta shekara guda bayan biki tana ce mini Malama kafin bakinta ya saba da Mama.

Ranar Juma'a ta haifi mace, kilo uku da giram ɗari biyu. Muna kiranta Ningning. Jiya muka dawo gida, yau da safe Jinsong ya koma wurin gadar da suke ginawa a kudu, sai ranar cikar wata. Zaman jegon nan na wata guda a hannuna yake ni kaɗai, kuma na shirya masa yadda nake shirya wa jarrabawar fita.

Na liƙa jadawali a ƙofar firij. Makon farko kunun gero da jan sukari da ƙwai, ba maiƙo, don ciki ya wanke. Mako na biyu miyar kifi da tongcao, farar totuwar nan mai buɗe hanyar nono. Na uku kaza da jan dabino da saiwar danggui mai mayar da jini. Shayarwa duk bayan awa uku, minti goma sha biyar kowane gefe, daga nan in ɗauke jaririyar zuwa ɗakina uwar ta huta. Ba wanke kai, ba ruwan sanyi, ba koren shayi. Tagogi a rufe, safa a ƙafa, hula a ka.

Wanru ta ce cikinta yana kumbura, ga ƙishirwa. Na cika mata filas mai jan murfi da shayin soyayyen tsiron sha'ir, wanda nake sha bayan abinci tun mijina yana raye. Ta sha kofi biyu ta ce, "Mama, wannan ne kaɗai abin da ba ya mini warin asibiti." Zan riƙa cika mata safe da yamma.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Nono ya fara zuwa. Kaɗan ne, amma ya zo.

Yaya Shang ta hawo daga hawa na shida da ƙwai talatin. Ita ce ta yi shekara ashirin tana dafa wa makarantarmu abinci, ta girme ni da shekara tara, karatunta bai wuce na lambar mota ba. Na tare ta a bakin ƙofa, don ba a shigo wa mai jego da iskar waje kafin kwana goma sha biyu. Ta leƙa ta hango takardar firij.

"Malama Gu, ƙararrawar fa? Ko ba ki saya wa jaririyar ba tukuna? Idan ta makara tsayuwar gwiwa za ki sa ta?"

Na ce mata tsari ne. Ta ce ita huɗu ta raina ba agogo a gidan, kuma duk suna nan suna cinye mata fansho. Na rufe ƙofa ina dariya.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ningning tana kuka tun kafin lokacinta ya yi. Ina zagaya falo da ita ina kallon agogo. Wanru ta ce daga ɗaki in kawo ta, na ce saura minti arba'in, ki huta.

Ta ce ƙirjinta ya saki, ba nauyin shekaranjiya. Na soya kifi biyu sama-sama, na zuba tafasasshen ruwa da tongcao har miyar ta yi fari sol. Ta shanye tas. Wanru ba a taɓa ba ta aiki ta bar shi rabi ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta zo da sikelinta. Kilo biyu da giram ɗari takwas da saba'in. Ta sake ɗorawa, haka dai. Ta duba bakin yarinyar, ta tambayi sau nawa take jiƙa ƙyalle, sai ta ce yau ɗin nan a fara ƙara mata madarar gwangwani, ba sai gobe ba. Ta kuma ce a bar jaririyar kusa da uwarta, ta sha duk lokacin da ta nema, a cire takardar firij.

Madarar na sauka na sayo kafin ta gama ɗaure jakarta. Takardar ban cire ba. Ma'aikaciyar yarinya ce ƙarama, zoben aure ma babu a hannunta.

Ningning ta kama fida kamar za ta haɗiye ta. Ta shanye, ta yi barci irin wanda ba ta yi ba tunda aka haife ta. Wanru tana zaune a gado tana kallo. Na dafa kafaɗarta na ce, "Ba komai, za mu ƙara ƙoƙari."

Sai da maganar ta fita na tuna wa nake faɗa wa ita a aji. Ita ma ta tuna. Shekara uku tana jin ina faɗa wa na layin baya.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Miya sau biyar yau. Nono babu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Na je shagon Dattijo Pang yayin da su biyun suke barci. Ya ce da zai ji bugun hannunta da kansa da ya fi, na ce mai jego ba ta fita. Na kwatanta masa harshenta, fari-fari, da alamar haƙora a gefe. Ya ce ƙarfi da jini ne suka yi ƙasa. Ya jawo durowa biyar, ya auna saiwar huangqi da danggui da wasu baƙaƙen 'ya'yan ganye masu kama da gero, ya ce in soya su har su fashe kafin in dafa. Ya tambayi me take ci, na karanto masa jadawalin da ka. Ya tambayi me take sha, na ce abu mai ɗumi kawai.

Da zan fita na ce ya auno mini tsiron sha'ir nawa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, cikin naki ya tashi ne? Na wata guda na ba ki, ko sati biyu ba a yi ba."

Na ce sanyi ne ya sa nake yawan sha. Muka yi dariya. Ya ƙara mini kaɗan kyauta.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Yau ta ce mini Malama. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Maganin Pang kwana biyu. Ƙafar alade da gyaɗa. Ɗanyar gwanda da kifi. Na matsa mata tsakanin kafaɗu, na gasa mata ƙirji da tawul mai ɗumi. Ɗigo uku, huɗu. Ta kalle su a yatsanta ta goge a bargo.

Na duba jadawalin daga sama har ƙasa da jan biro, ko akwai inda na yi kuskure. Ban ga komai ba. Komai daidai yake. Komai daidai yake, to me ya sa?

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ta daina karɓar Ningning. Idan lokaci ya yi na kawo ta, sai ta ce in ba ta fida kawai, ai ita take so, da ta ji ƙamshina take yin shiru. Kwanon miya yana dawowa yadda ya tafi, maiƙo ya daskare a sama. Filas kaɗai ke dawowa babu komai. Tunda shi take iya sha, na ƙara yawan tsiron, na koma cikawa sau uku.

Jinsong ya kira. Na ce masa lafiya lau, tana barci. Ba barci take ba, bango take kallo.

Da na je ɗauko kwano ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malama, a ajinki wanda ya faɗi ana barinsa ya maimaita. Wannan fa?"

Na ce ba faɗuwa ta yi ba. Ta ce to me ta yi. Na ɗauki kwanon na fita.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Ba zan rubuta abin da ya faru da safen nan ba.

Na kulle ƙofar baranda. Makullin yana aljihuna.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ta ce iska kawai take son sha. Mutum yana iya son iska, kwana goma sha takwas a rufe. Mutum yana iya cire silifas ya jera su a bakin ƙofa don kada su yi ƙura. Yana iya taka kujerar shanya don ya hango titi da kyau.

Hawa na bakwai muke.

Hannuna har yanzu yana ciwo inda na riƙe rigarta.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na jawo kujera bakin ƙofar ɗakinta. Daga nan ina ganin gadon, ina ganin kwandon Ningning. Kifi yana kan wuta. Makullin yana aljihuna. Na taɓa, yana nan.

Ban gaya wa Jinsong ba. A kan ƙarfe yake tsayawa a saman kogi, idan hankalinsa ya rabu biyu fa?

Makullin yana nan.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Yaya Shang ta buga ƙofa da safe. Na buɗe kaɗan, ta dubi fuskata, ta ture ni da kafaɗa ta shige. Ta ce kwana goma sha biyun sun wuce tuni, kuma ta gaji da jin takuna a saman kanta ina kai da kawowa kamar mai gadin banki.

Ta shiga wurin Wanru ta zauna a bakin gado, tana ce mata 'yar nan, tana ba ta labarin yadda nata nonon ya ƙi zuwa a haihuwar fari har surukarta ta ce akuya ta fi ta amfani. Wanru ba ta yi dariya ba, amma ta juyo. Surutu ya busar wa Yaya Shang da maƙogwaro, ta jawo filas ta tsiyaya a murfi. Ta kai baki. Ba ta sha ba.

Ta tashi da filas ɗin a hannu, ta kama hannun rigata har kicin, ta rufe ƙofa.

"Wannan na waye?"

Na ce na Wanru ne, shayi ne kawai.

"Tun yaushe?"

Na ce tun washegarin dawowarmu.

Ta ajiye filas ɗin a hankali. Ta yi ƙasa da murya, ita da ake jin muryarta daga kicin ɗin makaranta har ofishin shugaba.

"Gu, da wannan na yaye dukan huɗun. Kwana uku nake sha ƙirjina ya bushe ƙarƙaf. Kowace tsohuwa a layin nan ta san haka. Ke kina zuba kifi ta wannan ƙofa, kina kwashewa ta waccan."

Na ce ai na narkar da abinci ne. Ta ce ga mai tumbi irina, e.



Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Na zubar da shi. Na wanke filas ɗin sau uku.

Na ɗauko babban littafin magungunan da nake kaiwa aji. Yana ciki. Layi ɗaya ne a ƙasan shafi, cewa mai shayarwa ta guje shi. An ja masa layi da jan biro. Hannuna ne.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na cika filas da ruwan jan dabino. Ta kurɓa ta ce ina wancan. Na ce ya ƙare.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Shang ta dawo. Ta yage takardar firij ta goge wuƙa da ita. Ta ɗauki Ningning ta kwantar a ƙirjin Wanru, fata da fata, ta ja bargo ta rufe su, ta ce ko ba ta sha komai ba a bar ta nan. Na ce lokacin hutun uwar ne. Ta ce, "Malama, an tashi daga makaranta."

A bakin ƙofa ta tambaye ni ko na gaya mata. Na ce ina jira nonon ya dawo tukuna, in haɗa mata labari mai daɗi da marar daɗi. Ta ce wa nake wa tanadin daɗin, ita ko ni.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Idan na faɗa mata yanzu, ga halin da take ciki, wa zai rage mata? Uwa babu, miji yana kudu. Da ni kaɗai ta yarda. Idan ta san hannun da ke ba ta abinci ne ya yi mata haka, ba za ta ƙara cin komai ba. Don ita nake yin shiru.

Na karanta abin da na rubuta. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan hujjar, da na ce ya sake.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Kwana huɗu ba shayin. Babu wani canji. Makullin yana nan.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ma'aikaciyar jinya ta dawo. Kilo uku da giram ɗari uku da hamsin. Ningning ta tsira, madarar ta karɓe ta. Wanru ta ji lambar ta gyaɗa kai kamar ta 'yar maƙwabta aka faɗa.

Na raka ma'aikaciyar har bakin lifta na tambaye ta batun tsiron sha'ir. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa raba su da nake yi ne na awa uku-uku, mai yiwuwa duka biyun, wasu matan kuma haka nan nonon yake yi musu kaɗan ba laifin kowa. Sai ta ce ba nonon ne ya dame ta ba, idon uwar ne. Ta tambaye ni ko akwai abin da ya faru.

Na fiddo makullin na nuna mata. Sauran ya biyo da kansa.

Ta bar lifta ta tafi ba ita. Ta ce gobe da safe a kai Wanru wurin likita, wata ya cika ko bai cika ba, kuma a kira mijinta yau, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Na ce iska fa. Ta ce, "Goggo, kin ga iskar da ta nema da kanta."

Na kira Jinsong. Zai shiga jirgin ƙasa na yamma.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Na shiga da kunu na tarar ta tashi zaune, ta zube kayan Ningning a gado. Ta ninke su kashi-kashi, kowane kashi da 'yar takarda a sama da kyakkyawan rubutun nan nata. Wata uku. Wata shida. Shekara ɗaya. Shekara biyu, lokacin sanyi. Ta ce don kada in sha wahalar nema.

"Ke kin iya, Malama. Kin yi komai daidai. Jikina ne bai iya ba."

Na ajiye kunun. Na je kicin na ɗauko kwalbar tsiron sha'ir da littafin magungunan, na buɗe shafin na ɗora mata a cinya. Na durƙusa a gaban gadon, ni da gwiwoyin nan nawa. Na gaya mata abin da ke cikin filas, da abin da Yaya Shang ta ce, da abin da ma'aikaciyar jinya ta ce game da jadawalina. Na ce kifin da ta shanye, da maganin ɗacin da ta haɗiye ba ta yamutsa fuska ba, duk ni nake bi ina rushewa.

Ta karanta layin. Ta bi jan biron da yatsa.

"Kwana nawa na sha?"

Na ce goma sha bakwai.

"Yaushe kika sani?"

Na ce ranar Laraba.

Ta ɗago ta dube ni. Rabon da ta dube ni cikin ido har na manta.

"Yau Litinin."

Na ce e.

"Kina kallona. Kwana biyar kina kallona ina..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki filas ɗin ta maka da bango. Ningning ta farka da kuka. Na miƙa hannu zan ɗauke ta, Wanru ta riga ni, ta rungume ta, ta juya mini baya.

"Fita."

Na fita na zauna a kujerata ta bakin ƙofa. Ina jin tana kuka, kuka na gaske mai sauti, tana yi wa yarinyar magana a ciki. Can na ji ƙarar cokali a kwano.

Ban taɓa sanin mutum zai yi murna don an kore shi ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Sun tafi asibiti da Jinsong da Yaya Shang. Ni aka bari a gida. Daga taga na ga Wanru ta cire hular kafin ta shiga tasi.

Likita ta daɗe da ita. Ta ce ciwo ne da ke kama masu jego da yawa, yana da magani, za ta riƙa ganinta duk mako. Jinsong ya ɗauki hutun wata guda. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Mama, sau uku na tambaye ki." Da ma faɗan ya yi.

Na ba shi makullin.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Ba ta yi mini magana. Abinci Jinsong ke shigar mata da shi, kuma sai ta tambaye shi me ke ciki. Shi kuma bai san bambancin citta da dankali ba, sai ya dawo ya tambaye ni, ya koma. Yaya Shang ta ce gidanmu ya zama ofishin gwamnati, komai sai ya bi ta hannu uku.

Ningning tana manne da ita yini guda. Tana tsotsa kaɗan, a cike mata da fida. Yaya Shang ta ce ta ga alamar jiƙa a gaban rigar. Ban tambaya ba. Ba nawa ba ne in auna.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ta aiko Jinsong ya ce za ta wanke kai. Saura kwana ɗaya wata ya cika. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ɗora ruwa, na zuba busasshen ɓawon citta da tazargade da na shanya tun tana da cikin wata bakwai.

Ina tacewa na ji mutum a bayana. Ta tsaya a ƙofar kicin ta ce me ke ciki. Na faɗa. Ta ce in nuna mata. Na ɗebo a tafin hannu, ta shinshina ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi me kowanne yake yi, da me yake hanawa. Na amsa abin da na sani. Da ta zo kan tazargade ta ce ko yana da wata illa ga mai shayarwa idan a kai aka zuba, na ce ban tabbata ba, bari in duba. Ta ce mu duba tare.

Jinsong ya ce shi zai zuba mata ruwan. Kofin farko ya cika mata kunne, ta ce ya kauce, gada kaɗai ya iya. Ta sunkuya a kan baho tana jira. Ba ta kira kowa ba. Na ɗauki kofin.

Gashin ya cukurkuɗe, sai da na bi shi da yatsa sili-sili, yadda nake yi mata ranar jarrabawa. Na zuba kofi na uku ta ɗan zabura.

"Mama, ya yi zafi."

Na surka. Ruwan ya zuba a safata. Ba ta maimaita ba, ni ma ban nema ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Wata ya cika. Mun rina ƙwai ja tun da safe kamar yadda ake yi ranar cikar wata, Yaya Shang ta ɗauki kwando tana rabawa hawa-hawa tana gaya wa kowa ita ta raini yarinyar. Biki sai Wanru ta ce tana so.

Wanru, wannan shafin naki ne, littafin ma duka naki ne. Na so in yage daga ranar ashirin zuwa ashirin da biyar. Na bar su. Ban sani ba ko nonon zai cika, ban kuma san wanne daga cikin kurakuraina ya tsayar da shi ba. Na san dai ba ki faɗi ba, kuma kwana biyar ɗin nan ba ni da amsarsu.

Na sauko da kwalaben ganyayyaki da saiwoyina duka daga saman kabad na jera su a teburin kicin, inda hannunki zai kai. Ban rubuta musu jadawali ba. Duk ranar da kika ji ƙarfi, ki buɗe su ɗaya-ɗaya. Ki shinshina, ki tauna kaɗan, ki tambayi likitarki, ki tambayi Dattijo Pang ki bar shi ya ji hannunki, ki tambayi Yaya Shang ko da za ta cika ki da surutu. Idan ni ce na miƙo miki kofi, ki tambaye ni sau biyu. Ki fara da jan dabino, shi ya fi sauƙi, guda biyar, ki tsaga su, ruwa ya tafasa har ya yi launin zuma. Ki ɗanɗana, in bai yi miki ba ki zubar.

Wancan filas ɗin ya fashe daga ciki. Na sayo wani, yana kusa da kwalaben. Na wanke shi, babu komai a ciki. Ki zuba abin da kike so.